Me ya sa wuta ke ɓacewa kwana da kwanaki a Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni matar aure ce a Mabera, ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo a cikin gida. Ɗauke wuta na awa biyu ko uku mun saba da shi, amma wani lokaci sai gari gaba ɗaya ya yi ɗif kwana da kwanaki, a ce wai babban layi ya faɗi. Mene ne ke faɗuwa? Kuma yaya za mu yi da zafi da abinci, ga surukata tana allurar ciwon suga wadda ake ajiyewa a firji? Maigida yana so ya ƙaro janareta, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da sola.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa albarka a sana'a.

Wutar da ke shiga firizarki daga nesa take tasowa. Babbar hanyarta zuwa gare mu tana farawa daga madatsar ruwa ta Kainji a Jihar Neja, wadda aka buɗe a 1968. Daga can layi mai ƙarfin kilobolt 330 ke ɗauko ta zuwa Birnin Kebbi, a rage ta zuwa 132 a turo ta Sakkwato, a sake ragewa zuwa 33 da 11, sannan ta isa taransifomar unguwa. Manyan layukan suna hannun kamfanin TCN na gwamnatin tarayya, rabawa gida-gida kuma aikin Kaduna Electric ne, mai kula da Kaduna da Zamfara da Kebbi da Sakkwato. Mu a ƙarshen layi muke, kuma wannan ne tushen wahalarmu. Garin da layuka da yawa suka ratsa, in ɗaya ya samu matsala sai a juya masa wuta ta wani. Mu kuwa in hanyar Birnin Kebbi ta yanke, abin da za a iya lallaɓo mana ta wani ɓangaren bai taka kara ya karya ba. An gani a watan Satumba na 2023, lokacin da gobara ta cinye manyan taransifomomi a tashar Birnin Kebbi: Kebbi da Sakkwato da wani yanki na Zamfara duk suka shiga duhu.

Abin da ake kira faɗuwar babban layin ƙasa kuma wani abu ne daban. Wutar lantarki ba a tara ta a wannan layi. Abin da tashoshi suka samar a daƙiƙar nan, a daƙiƙar ake shanye shi. Dole injinan Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin gas na Kudu su riƙa juyawa da bugu ɗaya, sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma daga cibiyar Oshogbo ake sa ido a kan wannan daidaito. Kamar ƙarti ne suka ɗauko gungume a kafaɗa: ɗaya ya saki ba zato, nauyin ya koma kan sauran, su ma su watsar don kada ya karya su. In babbar tasha ta tsaya ko babban layi ya katse, sauran injinan sukan kashe kansu don kada su ƙone, cikin ƙiftawar ido ƙasa ta yi duhu. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba abin da sau da yawa bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, babu rarar da za ta tare giɓi. Mafi yawan wannan wuta daga gas take, don haka bututu ya fashe a Neja Delta ko a ƙi biyan masu gas bashinsu, ke a Mabera sai ki ji a jikinki.

Sai dai ki lura, irin wannan faɗuwar ba ita ce mai daɗewa ba. Yawanci cikin wasu awanni, ko kwana ɗaya, an fara tayar da tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Duhun da ke cin mako yana zuwa ne idan ƙarfe ya lalace: turke ya faɗi, ko taransifoma ta ƙone. Guguwar farkon damina tana kayar da turaku, ɓarayi suna kwance ƙarafunan gindinsu, a wasu dazuzzuka kuma ma'aikata ba sa iya shiga gyara sai da rakiyar sojoji. Haka aka yi a Oktoba na 2024 da layin Shiroro zuwa Kaduna, har jihohin Arewa da yawa suka wuce mako babu wuta. Ga na yanayinmu kuma: ƙurar hunturu tana kwanciya a kan tangaran ɗin da ke riƙe waya, da raɓa ko yayyafi ya sauka sai wuta ta yi tsalle ta kansa, layi ya yanke. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ruwan madatsu ya ja baya, taransifomar da aka kafa don gida hamsin tana ɗauke da ninkinsu.

Don haka in an ɗauke, fara gano inda abin ya tsaya. In maƙwabta na da wuta, matsalar fiyus ce ko wayar gidanku. In unguwarku ce kaɗai, taransifoma ce ko layin da ke ciyar da ita. In 'yan'uwa a Birnin Kebbi da Argungu su ma suna duhu amma Kano da Abuja na da wuta, to ki ɗaura ɗamarar kwanaki. Taransifomar unguwa kuwa, a ƙa'idar NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, gyaranta haƙƙin kamfanin rarrabawa ne, ba na karo-karon jama'a ba, ko da yake na san yadda ƙosawa ke sa mutane su haɗa kuɗi. A kai koke a rubuce, a riƙe kwafi. Wanda ba shi da mitar kati ya rubuta ranakun da babu wuta kafin takardar kuɗi ta zo.

Allurar Inna ta fi komai gaggawa. Kwalbar da aka riga aka fara amfani da ita tana iya kai kusan mako huɗu ba a firji ba, muddin zafin wurin bai wuce digiri 30 ba. Matsalar ita ce ɗakunanmu a bazara sun wuce haka. A samo tukwanen ƙasa biyu, a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Wani malami ɗan Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma a busasshiyar iska irin tamu ta fi aiki. A sa kwalbar cikin leda ko ƙaramar roba don kada ruwa ya taɓa ta. Tunda kina da ƙanƙara, ki kiyaye: kada a ɗora allurar kai tsaye a kanta, domin in ta daskare ta lalace. In launinta ya sauya ko ta yi gudaji, ko sugan Inna ya ƙi sauka kamar da, a kai wa likita ko mai kantin magani ya duba.

Sannan ruwa, domin rijiyar burtsatse da famfo duk da wuta suke aiki. Duk sa'ad da aka kawo, a fara cika tanki da randuna kafin a tuna da guga ko talabijin. Tsofaffi da jarirai su ne zafi ke saurin kayarwa. A yawaita ba su ruwa, a shafe jiki da jiƙaƙƙen zane, da dare a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya rikice ko ya daina gane mutane, a zuba masa ruwa a jiki a garzaya asibiti, ba a jira.

Firji in ba a buɗe shi ba yakan riƙe sanyi kamar awa huɗu, cikakkiyar firiza kuma har kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya. A zafin Sakkwato ki rage lissafin. Ki cike gurbin da ya rage da robobin ruwa, ki lulluɓe firizar da bargo bayan an ɗauke, ki cire shi in an kawo. Naman da ya saki a soye shi ko a yi dambu a ranar. Zoɓon da ya kwana cikin ɗumi kuma kada a sayar da shi. Ki cire fulogin firizar da zarar an ɗauke, sai wutar ta dawo ta zauna na 'yan mintuna a mayar, domin wutar farko, mai ƙarfi fiye da kima ko mai rauni, ita ke ƙona injin firiza.

Game da gardamarku da maigida, ina bayanki, amma da gyara. Don fitila da fanka da cajin waya, sola ta fi. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe abin da ya kai wat 2,400 na awa ɗaya, amma in na ruwa ne rabin haka ya kamata a ja don ya daɗe. Wannan rabin zai juya fankar sola biyu masu wat 25 da 'yan ƙwayayen fitila har gari ya waye. Ƙanƙara kuwa mai cin wuta ce, kuma injin firiza yana fizgar ninkin-ba-ninkin abin da ya saba ci a lokacin tashi, don haka ƙaramar inbata ba za ta ɗauke shi ba. In da hali, a sa faifan sola masu yawa, firizar ta yi aiki da rana tsaka, da dare ta huta a rufe. A riƙa goge ƙurar faifan, musamman da hunturu. In babu hali, janaretar da ke gida ta isa a kunna wa firizar wasu awanni. Sayen ta biyu ƙarin kuɗin fetur ne kawai.

Janaretar nan kuma, ki faɗa wa maigida, ba ta kwana a ɗaki ko a zaure ko gindin taga. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinta ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane cikin barci. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamun farko. A sa ta a fili, nesa da ƙofofi, a kashe ta ta huce kafin a zuba mai. Kuma mai wayarin ya sa mata makunnin da ke raba layin gida da na NEPA, domin in aka jona ta kai tsaye, wutarta tana komawa kan falwaya ta kama ma'aikacin da ya hau gyara.