Tambaya da Amsa: Mun fassara rajistar manoma, lissafi ya ƙi fita

Tambaya: Ƙungiyarmu ta manoma ta samu manhajar rajistar gonaki da aka tsara da Faransanci. Mun mayar da ita Hausa tsaf, amma alƙaluman da take ba mu ba su kama hanyar gaskiya ba. Ina gizo ke saƙa? Daga sakataren wata ƙungiya, Maradi.

Amsa: Malam, sunayen gurabun cike bayani kuka sauya, gurabun kuwa suna nan yadda wanda ya tsara ya yanka su daidai da ƙasarsa.

Fara da kuɗi. Manomi ya ce dala ɗari, mai shigarwa ya buga 100, alhali sefa 500 ke nan, tunda dala ɗaya sefa 5 ce. A ware gurbi biyu: abin da aka faɗa, da ma'aunin da aka faɗe shi da shi, dala ko jika (sefa dubu) ko sefa, sannan na'ura ta yi ninkin da kanta. Haka awo. Tiyar gero kusan kilo biyu da rabi ce, amma damin wani gari ya fi na wani. Ku sussuke dami goma a kowane ƙauye, ku auna, ku ajiye matsakaicin da sunan ƙauyen da shekarar.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne gona. Manhajar ta san mai gona da ɗan haya kawai. Mu kuwa muna da gado, saye, kyauta, aro da jingina, ga gandu, ga gamanar da matar gida ko saurayi ke nomawa. In aka cusa gamana cikin gonar maigida, noman mata ya ɓace daga lissafi, ranar rabon taki kuma a tsallake su. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan ba. A raba tambayar gida uku: wa ke da ƙasar, wa ke nomawa, wa ke da amfanin.

Kowace ma'ana a ba ta lambarta da ba ta sauyawa, a rataya mata sunan Hausa da na Faransanci, yadda Wikidata, wani rumbun bayanai na intanet mai harsuna da yawa, ke yi. Inda ba su zo ɗaya ba, a rubuta cewa ɗayan ya fi faɗi.

A adana rubutun da UTF-8, wato tsarin ajiye haruffa a na'ura, don ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su tsira. Kafin a baza, a gwada da gidaje ashirin, a karanta wa kowa abin da aka rubuta masa, maza da mata daban.