Ina kuɗin da ake yanka a cinikin kati suke tafiya?

Yarona, ka ce in bayyana maka me ya sa ɗan kasuwa zai sayar da kaya ta kati amma abin da ya faɗa asusunsa bai cika ba, kuma wane kamfani za mu nuna wa mai ƙaramin shago idan ya nemi mafi araha. Sai ka gane ta farkon kafin ka iya amsa ta biyun.

Duk sanda aka sa kati a na'urar POS, hannu uku ne ke taɓa kuɗin. Bankin da ya ba mai saye katin shi ke kwasar kaso mafi tsoka, don a katin bashi shi ya ranta kuɗin, shi ne kuma zai kwana ciki idan mai katin ya ƙi biya. Sai Visa ko Mastercard, masu hanyar da saƙon ke bi, su tsakuri kaɗan. Na ukun shi ne kamfanin da ya ba ɗan kasuwa na'urar, yake zuba masa kuɗin a asusu. Ƙaramin ɗan kasuwa ba ya ciniki a kan kaso biyun farko, na ukun kaɗai ake tayawa.

Shi kansa kason bankin ba ɗaya ba ne. Katin bashi ya fi na cire kuɗi tsada, katin da ke ba mai shi tukuici ya fi su, cinikin intanet kuma da ba a ga kati a hannu ba ya fi na gaba da gaba, saboda nan 'yan damfara suka fi ɓarna. Doka ma tana da hannu. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade kason bankin a kashi 0.2 cikin 100 na katin cire kuɗi, 0.3 na katin bashi, ga katunan ɗaiɗaikun mutane. A Amurka ba a sa wa na katin bashi irin wannan linzami ba, shi ya sa 'yan kasuwar can suka fi jin jiki.

To, ga inda nake so ka buɗe ido. Wasu kamfanoni farashin bai ɗaya suke yi, kowane irin kati aka kawo. Dubi Stripe a Amurka: kashi 2.9 cikin 100 da ƙarin santi 30 a kowane cinikin intanet da katin cikin ƙasar. A kayan dala 100 za a yanki dala 3.20, ba laifi. Amma a kayan dala 5 za a yanki kusan santi 45, wato kusan kashi 9 cikin 100! Wannan santi 30 da ba wanda ke kallo shi ke cinye ribar mai ƙananan ciniki. Saboda haka kafin ka buɗe baki, tambayi mutum nawa ne cinikinsa ɗaya a yawanci.

Wasu kuma sukan nuna maka kason banki yadda yake, su ɗora nasu a fili. Takardarsu ta wata tana da wuyar karatu, amma wanda cinikinsa ya yi kauri ita ta fi masa. Wanda ba na so ko kaɗan shi ne farashin hawa-hawa: a tallata maka na ƙasa, sannan a riƙa jefa yawancin cinikinka a na sama, kuma kamfanin ne ke yanke hukuncin wane ciniki ya hau wane hawa. Ban yarda ka kai wa kowa wannan da sunana ba.

Ka karɓi takardar wata guda ta mai shagon, ka haɗa duk abin da aka cire, har hayar na'ura da kuɗin wata da na ƙa'idar tsaron bayanai ta PCI DSS, ka raba da jimillar cinikin kati. Abin da ya fito shi ne farashin gaskiya, da shi za ka gwada kamfani da kamfani. Ka duba tarar fita daga yarjejeniya, da kwana nawa kuɗi ke yi kafin su shiga asusu, don mai ƙaramin jari ba ya jure jira.

Ka kuma gaya masa ya adana rasit da shaidar isar da kaya. Idan mai kati ya ce bai san da cinikin ba, bankinsa zai janye kuɗin, a ƙara wa mai shagon da tara, kuma sai da waɗannan takardu zai iya ƙalubalantar hukuncin kafin wa'adi ya cika.