Amsa ga 'yar uwa mai tambaya kan mutanen Mesopotamiya da sana'o'insu

Wallahi 'yar uwa ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce an ba ku aiki kan matsayin mutane da sana'o'insu a Mesopotamiya, wato yankin Iraƙi ta yau a zamanin da, kin jero sarki a sama bayi a ƙasa, malam ya dawo miki da takarda wai bai ga komai a ciki ba. Ke naki ma da sauƙi. Ni namu a gaban aji ya ɗaga takardata yana karantawa yana dariya wai daga intanet na kwaso, ni da na wuni a laburare ko ruwa ban sa a cikina ba, 'yan bayan aji suna ta ƙyaƙyatawa, kuma wadda ta kwafi nawa ta fi ni maki! Har yau in na tuna raina ɓaci yake, na dai bar shi da Allah.

To ki daina haɗa tarihin dubban shekaru a shafi ɗaya, ki kama zamanin Hammurabi sarkin Babila kawai, wajen 1792 zuwa 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dokokinsa kusan 282 ne a jikin dutsen da aka tono a tsohon birnin Susa na Iran a 1901, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faransa, kuma a ciki mutane kashi uku ne: awilum mai cikakken 'yanci da daraja, mushkenum na ƙasa da shi, sai wardum, bawa.

Ki bi kuɗi, nan bambancin yake fitowa fili. Likita in ya yi wa awilum aiki ya warke shekel 10 na azurfa zai karɓa (shekel ma'aunin nauyi ne), mushkenum 5, bawa 2 kuma ubangidansa ne zai biya. In awilum ya mutu a hannunsa a yanke hannun likitan. Wanda ya tsiyaye idon awilum a tsiyaye nasa, na mushkenum kuwa diyyar azurfa mina ɗaya ce (ma'aunin da ya fi shekel nauyi sosai), na bawa rabin kuɗinsa, ki ji fa!

Af, ki ajiye kwafin duk abin da kika miƙa, wasu malaman sai su ce ba su gani ba.

Sana'o'i ma suna nan cikin dokokin. Magini in gidan da ya gina ya rufto ya kashe maigida kashe shi ake. Wanzami in ya aske wa bawa alamar bauta ba da sanin ubangidansa ba hannunsa ya tafi. Wanda bashi ya sa ya miƙa matarsa ko ɗansa bauta, shekara 3 za su yi, a ta 4 a sake su, wannan ki rubuta shi don ya nuna bauta ba kullum ta har abada ba ce. Kar ki manta da mata, akwai masu gidan giya, akwai naditu, wato matan da aka keɓe wa hidimar abin bautar birnin Sippar, da ke sayen gonaki suna ba da rance.

Kuma don Allah in za ki mayar wa malamin takardar kar ki shiga ofis ɗinsa ke kaɗai, ki ja ƙawarki ta zama shaida kin miƙa.