Takalmin shiga ruwa: amsa ga mai tafiya Gidimuni

Assalamu alaikum 'yan gurup, barkanku da yamma. Ƙanena, na ji saƙonka tun da hantsi, kasuwa ce ta riƙe ni, ka san yadda kasuwar Dole take ranar Alhamis. Ga waɗanda ba su saurara ba, yaron nan poroje ta ɗauke shi aiki a tafkin Gidimuni, zai riƙa shiga da ɗan kwale-kwalen nan na roba mai cin mutum guda, kayak. Ya ga tallar wani takalmin basket a Facebook, wai ruwa ba ya shigarsa, jika 25, shi ne yake tambaya ya saya ko ya bari.

Ka bari. Riƙe kuɗinka tukuna ka ji.

Ba ina cewa babu irin wannan takalmi ba ne, akwai shi. Na ainihin, wani siririn yadi ake shimfiɗa masa daga ciki, wanda ya fi suna shi ne Gore-Tex, wani Ba'amurke mai suna Bob Gore ya gano shi a 1969. Ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya wucewa, amma tururin zufa yana samun hanyar fita. Aiki ne mai kyau. Sai dai an yi shi ne don mai tafiya cikin raɓa da yayyafi da ƙanƙara, wanda ruwa ke dukan takalminsa daga waje. Kai fa? Kafin ka zauna cikin kwale-kwale sai ka tura shi, ruwa ya kai maka ƙauri, wani lokaci har gwiwa. Takalmin kuma iyakarsa idon sawu. Ruwa ya kwararo ta baki, shi ke nan, abin da aka sa don ya hana shi shiga shi zai hana shi fita. Ka wuni kana jan tulu biyu a ƙafa. Kwana ba ya busar da shi, gobe ka sake zura ƙafa cikin danshi, kafin mako cin ruwa ya kama maka tsakanin yatsu. Warin kuwa, abokan ɗakinka ne za su ba da labari. Kuma tsakani da Allah, da yawa daga na tallar salula ko yadin ma babu, wani magani ne aka fesa a sama, wanki kaɗan ya tafi.

Su masu wasan kayak ɗin, a ƙasa mai zafi ba sa neman takalmin da ke tare ruwa. Wanda ke zubar da shi suke nema. Samansa raga, gefensa ko ƙasansa da 'yan ramuka, babu soso mai kauri, babu fata. Ka fito, taku kaɗan ruwan ya tsiyaye, iska ta ƙarasa sauran. Fata kam, duk da Damagaram garin dukawa ne, ka bar ta don sallar Juma'a, in ta jiƙe ta bushe ƙandarewa take yi.

In ka ɗauki takalmi, fara juya shi ka dubi ƙasan. Danna da farce. In ya lotsa ya dawo, roba ce mai taushi, tana kama dutse ko da gansakuka. In ka ji shi ƙwanƙwaram kamar filastik, ajiye, a kan jiƙaƙƙen wuri zai kai ka ƙasa. Sannan kan yatsu ya zama a rufe. Ruwan tafki ba ka ganin ƙasansa, ga ƙaya, ga fasasshiyar kwalba, ga ƙugiyar masunta, ga kututturen kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, da aka sare, wanda tsininsa ba ya wasa. Masu lambun Gidimuni sun san shi. Dunduniya kuma ta kamu sosai, don lakar nan tsotsa take, fade ko silifa taku biyu ka bar mata shi. Igiyar ɗauri in doguwa ce ka cusa ta ciki, saboda cikin kayak akwai wurin da ake tokare ƙafa, in Allah ya kawo kifewa ba ka son wani abu ya maƙale ka.

Wani a gurup ya kawo zancen baƙin takalmin nan mai kama da safa, na niyofirin, wata irin roba mai laushi. Wancan na ruwan sanyi ne, aikinsa riƙe ɗumi. Da asubar Janairu, lokacin hunturu, zai yi maka daɗi. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, dafa ƙafa kawai za ka yi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma mai talla ba zai gaya maka ba. Tsargiya. Babu basket ɗin da ke kare ka daga ita, mai jika 25 ko mai jika 100. Tsutsarta daga jikin wani ɗan dodon-koɗi take fitowa a ruwan da ke kwance, ido ba ya ganinta, kuma ba ta jiran miki, lafiyayyar fata take hudawa cikin 'yan mintoci. Ba ka jin komai sai ɗan ƙaiƙayi. Sai an yi makonni ko watanni mutum ya ga jini a ƙarshen fitsari. Da yawanmu da muka yi iyo a tafkunan garin nan muna yara mun san zancen, har wasu tsofaffi na cewa alamar balaga ce, alhali cuta ce mai lalata mafitsara in aka ƙyale ta. Maganinta firazikwantel, shi ake raba wa yaran lakwal. To kai da za ka riƙa taɓa ruwan nan kullum, ka gaya wa likita aikin da kake yi, a riƙa duba maka fitsari, kar ka jira jini. Ranar da aikin na tsayuwa ne a bakin ruwa, ɗibar wani abu ko awo, sa bot na roba mai kai wa gwiwa, shi ne ke raba fata da ruwa muddin bai zubo ta sama ba. Amma kar ka hau kwale-kwale da shi. In ka faɗa, ya cika, ba ka iya buga ƙafa, ba ka iya hawowa da sauƙi. Ke nan takalmi biyu kake bukata, kowanne da ranarsa.

Ina za ka samu? Dilar gwanjo takan zo da masu ragar nan, sai an tona. In ba a dace ba, wallahi takalmin roban nan da Fulani makiyaya ke sawa, wanda aka zuba shi gaba ɗaya babu ɗinki, ya fi na Facebook ɗinka amfani a ruwa. Ba ya shan ruwa, ya rufe yatsu, kuɗinsa kaɗan. Aibinsa yana goge dunduniya, kuma ƙafa na santsi a ciki, sai ka sa siririyar safa, ka huda masa rami biyu-uku a gefe da ƙusa mai zafi.

Duk wanda ka saya, in na gam ne kai wa mai gyara ya zagaye ƙasan da ɗinki tun yana sabo, ruwa da zafi ba sa barin gam. In ka dawo aiki ɗauraye lakar, zare shimfiɗar ciki, shanya a inuwa, ba kan kwano ba. Da safe kuma ka kakkaɓe kafin ka sa, kunama na son wuri mai laima.

Sauran kuɗin, in poroje ba ta ba ku rigar ceto ba, ita za ka saya, kuma ka tambaye su tun kafin ka tafi. Gobe bayan la'asar ka biyo shago, an buɗe dila jiya, na ware ƙafa uku masu raga. Turo min lambarka, 42 ce ko 43, don na manta. A gaida su Hajiya.