Tambayi Likita: Zufar Legas, Hayaƙin Janareta da Hawayen Albasa

Saƙonnin wannan mako galibinsu daga Legas suka fito. Wasu na raha ne, ɗaya kuwa ba ya jiran gobe, don haka mai janareta a gida ya tabbata ya karanta tambaya ta biyu.

Daga wani tela a Agege: Likita, a Kano lokacin bazara zafi kan kai digiri 40, a nan kuwa 32 wayata ke nunawa, amma a nan na fi jigata. Ga ƙuraje sun feso mini a wuya da baya, ga ƙaiƙayi a matsematsi. Ko ruwan garin ne bai karɓe ni ba?

Malam, a wanke ruwan garin daga zargi, aikin iska ne. Ka tuna da tulun ƙasa: abin da ke sanyaya ruwan cikinsa shi ne tsatsafar da ke fitowa ta bayansa tana bushewa. Haka jikin mutum yake. Gumi sai ya bushe yake tafiya da zafi. Iskar Kano a watan Maris busasshiya ce, danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, gumi na fitowa take lashe shi. Ta Legas kuwa a ƙoshe take da ruwan teku, sau da yawa danshinta na haura kashi 80, ba ta da wurin zuba naka. Sai gumin ya kwanta a fata, riga ta manne, kai kuma kana ta fifita a banza.

Ƙurajen wuya da baya na zafi ne, ƙofofin gumi ne suka toshe. Wanka da ruwan sanyi safe da yamma, riga ta auduga mai yalwa, a shafa ruwan kalamin in ƙaiƙayi ya dama. A ajiye basilin da duk wani mai mai kauri sai an koma Arewa da hunturu, don a nan ƙara toshe ƙofofin suke yi. Cikin kwana uku zuwa huɗu ƙurajen kan baje.

Na matsematsi daban ne. Idan wurin ya yi ja ko duhu, gefensa ya ɗan taso kamar an zana da'ira, dangin makero ne, wanda zafi da laima ke raya shi. Nemi man clotrimazole shi kaɗai, ba gauraye ba. A wanke wurin, a tsane shi sarai, a shafa sau biyu a rana har a ɗan wuce bakin da'irar, na mako biyu zuwa huɗu, kuma kar a daina ranar da ƙaiƙayi ya tsaya. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne man nan na kemis mai haɗin magani uku. Duba jikin kwalin: in ka ga betamethasone ko clobetasol, mayar masa da abinsa. Kwana biyu ƙaiƙayin zai kwanta ka ce ka samu lafiya, alhali cutar na ƙara faɗi a ƙasa, fatar kuma na yin siriri har nankarwa ta fito. Bayan tsarki da alwala a riƙa tsane jiki, har tsakanin yatsun ƙafa, a sauya gajeren wando kullum. In abin yana ta dawowa, je a auna maka sukari.

Daga wata uwar gida a Idi-Araba: Kusan kullum ni da yara da ciwon kai da jiri muke tashi, amma da an fita makaranta da kasuwa sai ya wuce. Mun sha maganin maleriya sau biyu. Maigida na kunna ƙaramin janareta a baranda kusa da taga saboda ɓarayi da ruwan sama.

Hajiya, don Allah daga daren yau janaretan nan kar ya sake kwana a barandar. Ciwon da ke kama mutanen gida gaba ɗaya a lokaci guda, ya kuma sake su da zarar sun fita waje, iskar ɗakin ake fara tuhuma. Hayaƙin inji na ɗauke da wata iska mai suna kabon monoksayid, ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kike ji na fetur ne da sauran hayaƙi, rashin jinsa kuma ba shaidar lafiya ba ce. In ta shiga jini tana kama wurin iskar da muke rayuwa da ita, da ƙarfin da ya ninka nata fiye da sau 200. Farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. In ta yi yawa sai ruɗewa, sai barcin da ba a farkawa. Mai barci ba ya jin gargaɗin ko ɗaya, shi ya sa ake wayar gari a tarar da iyali guda a kwance.

Janareta a fili yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa ko taga, bututun hayaƙin yana kallon nesa da gida, naku da na maƙwabta. Baranda, lungun tsakanin ɗakuna, ƙarƙashin bene, kicin da shagon da aka ja ƙofarsa duk ba su halatta ba, ko da an buɗe taga ko an kunna fanka. Maganar ɓarayi, maƙeri zai yi muku keji na ƙarfe mai rufin kwano a sama, gefensa a buɗe, a sa sarƙa da kwaɗo. In gidan haya ne babu filin, a yi cajin fanka da fitila da yamma a kashe injin kafin a kwanta. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ma hukuncinsu ɗaya.

Idan aka tarar da wani ya galabaita, a fito da shi fili nan take, a kashe injin, a wuce asibiti a faɗa musu hayaƙin janareta ne, domin iskar oksijin za a sa masa. Ɗura masa madara ko manja ba ya fitar da komai, mai suma ma shaƙe shi zai yi. Ku ma ku je a duba ku, musamman in akwai mai ciki a gidan.

Daga wata mai abinci a Mile 12: Me albasa ke da shi ne da take sa ni kuka kullum? Attarugu kuma in na gyara kwando guda, hannuna sai ya kwana yana raɗaɗi.

Baiwar Allah, albasa kare kanta take yi. Wuƙa na fasa ƙwayoyin jikinta sai wasu sinadarai biyu da ke zaune a rabe su haɗu, su tayar da wata iska mai sinadarin farar wuta. Ita ce ke isa ido, ido kuma ya sako hawaye don ya wanke. Dakusasshiyar wuƙa murƙushewa take yi, ta fasa ƙwayoyi da yawa, saboda haka a wasa ta. A sa albasar cikin firji ko ruwan ƙanƙara kamar minti 30 kafin yanka, a bar gindin sai ƙarshe, a zauna inda iska za ta kwashe abin daga fuska. Ba ya lalata ido.

Yajin attarugu kuwa ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, shi ya sa kina ta wanke hannu yana nan daram. Murza man gyaɗa a hannun minti ɗaya, sannan ki wanke da sabulun wanke-wanke, ki maimaita. Tsoma hannu cikin madara ko nono mai sanyi ma na kwantar da shi. Mai kwando guda kullum dai safar hannu ta roba ce ta dace da ita. In ya shiga ido, ruwa mai tsabta kawai, a yi ta kwarara kamar minti 15, ban da murzawa.

Daga wani ɗalibi a Obalende: Kakata ta ce in ban daina matse yatsu suna ƙas-ƙas ba, amosanin gaɓɓai zai kama ni.

A gaida Kaka, amma a wannan karon ba ta ci gari ba. Gaɓa na da ruwa mai yauƙi a ciki. Idan ka ja ta, matsin ruwan ya sauka, kumfar iska ta ɓullo farat ɗaya, ƙarar ke nan. Shi ya sa sai ka jira kamar minti 20 kafin yatsan ya sake yi. Wani likita a Amurka, Donald Unger, ya shafe sama da shekara 60 yana yi wa hannunsa na hagu haka ya ƙyale na dama, bai ga amosani a ko ɗaya ba, har aka ba shi kyautar raha ta Ig Nobel a 2009. In ƙarar na zuwa da zafi ko kumburi, wannan a kai asibiti. A gaban Kaka kuma ka bari, ko don ladabi.

Daga wani direba a Alaba Rago: Ɗaki ɗaya muke kwana da abokina, sauro ya bar shi ya taru a kaina. An ce jinina ne mai zaƙi.

Sauro ba ya ɗanɗana jini kafin ya zaɓi mutum, daga nesa yake yanke shawara. Macen ce kaɗai ke cizo, don ƙwayayenta na bukatar jini. Tana bin numfashin da kake fitarwa, da ɗumin jikinka, da warin fatarka, wanda kowa da irin nasa. Mai babban jiki da mai ciki sun fi fitar da numfashi, sun fi jan ta. Warin ƙafa kuwa kamar kiran sallah ne a wurin sauron maleriya, don haka direban da ya wuni cikin go-sulo da takalmi sawu-ciki ya wanke ƙafa da sabulu kafin ya kwanta, ya fitar da safar waje. Wataƙila ma ana cizon abokin naka, fatarsa ce ba ta tashi.

Gidan sauro mai magani shi ne abin dogaro. Sabo a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Tsohuwar taya da bokitin da ruwa ya kwanta a ciki a kife su, domin daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kacal. In zazzaɓi ya zo, a yi gwajin maleriya na yatsa kafin shan magani, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito.

Daga wata mai jego a Ketu: Tun kwalarar da aka yi a Legas a watan Yunin 2024 nake jin tsoro. In gudawa ta kama yaro da dare babu kemis a buɗe, yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari?

Ledar ruwa ta kanti rabin lita ce, saboda haka biyu za ki juye a kwano mai tsabta, ko ki auna lita ɗaya na tafasasshen ruwan da ya huce. Sukari ƙaramin cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin, kowanne a shafe bakinsa, ba a tula ba. Ki dama ki ɗanɗana: kar gishirinsa ya wuce na hawaye. In gishiri ya yi yawa yana cutar da yaro, in sukari ya yi yawa gudawar ƙaruwa take yi, dalilin ke nan da lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Nono kuma ba a dakatar da shi. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Gari na wayewa ki sayi na fakiti, ya fi wannan domin yana da sinadaran da na gida ba shi da su, tare da ƙwayar zinc: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 kuma miligiram 10. Amma in bayan gidan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini, ko ido ya faɗa, ko yaron ya kasa sha, ko ya yi awa 6 bai yi fitsari ba, kar a jira asuba. A ɗauke shi zuwa asibiti, ana tafe ana ba shi ruwan a hanya.