Miliyan uku a asusu, lafiya ke nan ko ciwo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan wata ƙungiyar 'yan kasuwa ne nan Sakkwato, albasa nike saye Gada da Goronyo in kai Kudu. Ranar taron shekara ma'ajinmu ya ce akwai miliyan 3 asusu, kowa ya yi tafi, to amma ni na tuna tun 2019 anka ce mana miliyan 3 ɗin dai. Wai lafiya muke ko ko? Daga mai karatunku a Kara.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Wallahi tafin nan da an ɗan jinkirta shi. A 2019 dala na wajen naira 360, a 2024 ta haura 1,500, ka ga miliyan 3 ɗin sunanta ne kawai ya rage, darajarta a dala ta zube ƙasa da kwata. Kuɗin da ke kwance ramewa yake.

Amma kada ka yi saurin cewa an ci, don shekarun nan sun bugi kowa. An rufe boda Agusta 2019 sai Disamba 2020 aka buɗe Illela, ga korona, ga ƙarancin takardar kuɗi farkon 2023, a Mayu aka cire tallafin mai, a Yuli kuma juyin mulkin Nijar ya sake toshe hanyar Ƙonni har Maris 2024. Wanda motarsa ke tsaye da kaya ina zai tuna da kuɗin ƙungiya?

Abin da za ku nema shi ne lissafin shekara biyar a jere, ba na bana kaɗai ba. Mutum nawa ke rajista, nawa ne suka biya da gaske, wannan shi ne ainihin awo. Ƙungiyoyi irin naku, har manyan cemba, wato ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu, da ke ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu ta ƙasa NACCIMA, da kuɗin mambobi da baje koli da hayar rumfuna suke rayuwa, in ka ga rabin abin da ke shigowa gudummawar wani Alhaji ɗaya ce ko ta gwamnati, to ranar da ya yi fushi ko aka canza gwamnati kun zauna. Ku tambayi bashi ma, na haya da albashin sakatare, ma'aji ba ya son faɗin wannan gaban taro.

In kuna da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, dama wajibi ne ku riƙa kai rahoton shekara. Ku ɗauko odita, wato mai binciken lissafin kuɗi, daga waje, ba ƙanin ciyaman ba, a ba shi sitatimen na banki da risit duka. Kuma Alhaji kai ma ka fara biyan naka kafin ka miƙe a taro.