Amsa: Wace unguwa zan sauka a Salbado?

Malam, tunda kwana biyar za ka yi a Salbado ta jihar Bahia a ƙasar Brazil kuma da iyali, unguwar Barra ta fi dacewa da kai. Ruwan bakin tekun Porto da Barra a kwance yake, yara na iya wanka, kuma ga kantuna kusa. Pelourinho tsohon gari ne mai kyan gani, amma ka je shi da rana. Lungunansa kan yi tsit da dare, ga hawa da gangara a kan duwatsu. Rio Vermelho kuwa kiɗa ne har tsakar dare.

Ka nemi gida mai kicin da mai gadi dare da rana. Kicin ɗin zai taimaka ƙwarai, domin naman alade na shiga girkin wake da yawa a can, musamman feijoada. Cibiyar Musulunci tana unguwar Nazaré.

Kafin ka biya, duba ranakun bikin Kanibal (Carnival), bikin kiɗa da rawa a kan tituna, a Fabrairu ko farkon Maris. Ɗaya daga cikin manyan jerin gwanon bikin ta Barra yake bi zuwa unguwar Ondina, kuɗin ɗaki ya ninka, a rufe tituna. Jirgin ƙasa daga filin jirgi bai kai Barra ba, sai ka hau Uber.